Filin Amsa Wasiƙu: Yaushe Jirgin Ƙasa Ya Daina Cika Alkawari?

 Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi mazaunin Bacirawa, nan arewa da birnin Kano. Ya ce ɗansa ya nuna masa hoton wani gida a ƙasar Jamus a cikin waya, inda aka shimfiɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa, kowanne bai fi tsawon hannu ba, suna ta kai da kawowa tun safe har dare, babu karo, babu sauka daga layi. Sai yake tambaya, in har abin wasa zai iya kiyaye ƙa'ida haka, me ya hana namu na gaskiya? Kuma wai shin da gaske ne abin da dattawa ke faɗa, cewa a da da kukan jirgi ake sanin lokaci? Mun sami irin wannan tambaya daga Ringim da kuma Malam Madori, saboda haka sai mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

To Malam, mun gode da wasiƙa. Gidan da ka gani yana birnin Hambug ne, an buɗe shi a 2001, kuma idan aka miƙe layukan da ke cikinsa za su wuce kilomita 15. Amma abin da hoton bai nuna maka ba shi ne mutanen da ke bayan labule. Akwai masu zama gaban na'ura suna lura da kowane jirgi, akwai masu gyara, akwai masu goge layi. Su irin waɗannan ƙananan jirage ta layin suke shan wutar lantarki, don haka ƙura kaɗan ta kwanta a kai sai jirgi ya tsaya cik. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sun san cewa shimfiɗa layin ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce a sa jirgi ya yi ta zagayawa kullum ba tare da an sa masa hannu ba. Ka riƙe wannan magana, domin ita ce tarihin jirgin Nijeriya gaba ɗayansa.

Bari mu koma baya. Turawa sun ci Kano a 1903, a lokacin kuwa kayan Kano a kan jaki da raƙumi da kan ɗan'adam suke fita. Mai zuwa Gwanja fataucin goro sai ya yi watanni, mai bin ayari zuwa Tarabulus ta hamada haka nan. A 1907 aka kawo wani injiniyan soja ɗan ƙasar Kanada mai suna Girouard ya zama Gwamnan Arewa bayan Lugga. Shi wannan mutum ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan, kuma aikin da aka turo shi ya yi ke nan. Aka fara daga Baro, a bakin kogin Kwara, domin ta ruwa ake kawo ƙarafa daga teku idan kogi ya cika. Layin ya bi ta Minna, ya ƙetare Kaduna, ya ratsa Zariya, ya iso Kano a 1911, tsawon mil 356, zamanin Sarkin Kano Abbas. A 1912 aka buɗe shi ga fasinja da kaya, a wannan shekara kuma aka haɗe shi da layin Ikko suka zama hukuma ɗaya.

Kada mu manta da waɗanda suka yi aikin. Talakawa ne aka riƙa tarawa ta hannun sarakuna da hakimai, ƙauye ƙauye, ana kai su su sare daji, su haƙa ƙasa, su ɗauke ta a kwando a ka. Wannan shi ne abin da kakanninmu suka kira aikin diga, kuma da yawa ba da son ransu suka je ba. Abin ya girgiza mutane har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga. A nan ne kuma mutanen ƙauye da dama suka fara riƙe sulalla da kwabbai a madadin wuri.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani tun daga tushe: layin nan da araha aka gina shi, da gangan. Gwamnatin Ingila ba ta son kashe kuɗi da yawa a Arewa, saboda haka aka yi amfani da ƙarafa marasa nauyi, aka riƙa kewaye tudu da kwari maimakon a fasa dutse ko a cike rami, shi ya sa kwana ta yi yawa. Layi ɗaya tak aka shimfiɗa, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6. A Jebba ma babu cikakkiyar gada, sai an ɗora taragu a kan jirgin ruwa an ƙetare da su, har sai da aka gama gadar a 1916. Irin wannan layi yana iya aiki, amma ba ya yafe sakaci. Damina ɗaya ta yi ƙarfi, ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sai ka ga ƙarfe yana reto a sama.

Abin mamakin shi ne, Turawa auduga suka sa rai jirgin zai ɗebo wa masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafi. Audugarsu tana da kasuwa a gida wajen masaƙa da marina, gyaɗa kuwa ta dace da jigawa, ana iya haɗa ta da gero da dawa a gona ɗaya, harawarta abincin dabba ce, in kuma shekara ta yi tsanani a ci abarta. Da kamfanonin Turawa suka ba fatake irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo kuɗi su sayo musu, daga baya kuma Alhasan Ɗantata ya shigo ya fi kowa, sai gyaɗa ta ɓarke. A 1911 abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 2,000 ba. A 1913 ya haura tan 19,000. Jakunan ƙauyukan da ke kewaye da birni, irin su Bacirawa, waɗanda da ma suka saba ɗauko taki daga birni zuwa gona, sai suka sami lodi na biyu. Tun a kakar farko buhuna suka yi wa tashar Kano yawa, taragu suka kasa. Ka ga ke nan tun ran farko kaya sun fi ƙarfin jirgi.

Daga nan aka yi ta miƙa rassa. An yi wani ɗan siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da rabi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, ya kai can a 1914, aka rufe shi a 1957. Layin gabas ya taso daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, ya haɗu da na Arewa ta Kafancan a 1927, aka gama gadar Makurɗi a 1932. Reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma, wanda ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, a 1930. Na ƙarshe shi ne wanda ya bi ta Bauci da Gombe ya kai Maiduguri a 1964.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. E, dattawa ba su yi ƙarya ba, an yi zamanin da mutanen bakin layi ke sanin rana ta yi ina da kukan jirgi. Amma ba tsafi ba ne, aiki ne, kuma ga yadda ake yinsa.

Abu na farko shi ne layin kansa. An rarraba shi gunduwa gunduwa, kowace gunduwa da ƙungiyar leburorinta da helumansu, suna zaune a 'yan gidajen reluwe da ke bakin layi. Kowace safiya akwai mai bin layi a ƙasa da guduma da sifana, yana duba kusoshi, wanda ya kwance ya ɗaure. Ƙarfe yana miƙewa idan ya sha rana, shi ya sa ake barin 'yar tazara a mahaɗar kowane ƙarfe biyu, ita ce ke ba da ƙarar nan da fasinja ke ji a ƙarƙashinsa. Idan tazarar ta toshe, zafin bazara sai ya lanƙwasa layi. Tsakuwar da ake zubawa kuwa ba ado ba ce: ita ke riƙe layin kada ya goce, ita ke tsiyaye ruwan sama. Saboda gara, a wurare da yawa da ƙarfe aka yi matasan da layi ke kwanciya a kai maimakon katako. Kafin damina a yashe magudanai da kwalbatoci, in an yi ruwa mai ƙarfi da dare a fita da fitila a duba kafin jirgi ya iso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu shi ne dokar shiga layi. Tunda layi ɗaya ne, jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Zariya ba su da inda za su kauce wa juna sai a tasha, inda aka yi ɗan layi na biyu a gefe. To yaya ake hana su haɗuwa a daji? Tsakanin kowace tasha da maƙwabciyarta akwai na'ura biyu da waya ta haɗa, a cikinsu akwai sandunan ƙarfe. Ba a iya zare sanda sai shugabannin tashoshin biyu sun yarda, kuma idan an zare ɗaya, sauran sun kulle ke nan a ɓangarorin biyu har sai an mayar da ita. Direba ba ya motsawa sai da sandar a hannunsa, ko da Gwamna ne a cikin jirgin. Ya isa tasha ta gaba ya miƙa, a ba shi wata. Dabarar ba ta da wuya, amma ta dogara da waya mai aiki da ma'aikaci wanda ba ya barci. Kuma a nan ne matsalar layi ɗaya take: jirgi ɗaya ya makara, duk wanda zai yi kiciɓis da shi sai ya tsaya jira, shi ma ya makarar da na bayansa, kamar jaki ɗaya ya kwanta a ƙofar gari ranar kasuwa.

Abu na uku shi ne kan jirgi. Na da mai tururi ne, yana cin kwal yana shan ruwa. Kwal daga Inugu ake jawo shi har Arewa, ruwa kuwa sai an tanada a manyan tankuna a tashoshi, abin da ke da wuya a ƙasarmu da rani. Bayan kowace tafiya sai an kai shi loko an kwashe toka, an shafa mai, an duba shi. Manyan gyare-gyare kuma a Ebute Metta ta Ikko da Inugu da Zariya. A 1955 aka fara kawo masu shan man dizal, kuma a nan Arewa aka fara sa su aiki. A wannan shekara ce aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta.

To amma kada mu zuzuta zamanin da fiye da kima. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, wadda ake cewa kowace ɗaya tana cin buhu wajen 15,000, tana nuna albarkar noma, tana kuma nuna gazawar jirgi. Lokacin yaƙin duniya na biyu an yi ta aiki da kawunan jirgi ba hutu, ba a samun sababbi, ba a samun kayan gyara daga Ingila. Da aka gama yaƙi sai ga gyaɗa ta taru a Kano, ta bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba, aka lulluɓe da tamfol, ƙwari suna ci. A 1945 kuma ma'aikata suka yi babban yajin aiki na sama da kwana 40, ma'aikatan reluwe a gaba ƙarƙashin Michael Imoudu, saboda albashi ya kasa tsadar rayuwa. Jirage suka tsaya cik. Darasin da aka koya shi ne, ƙarfe ba ya tafiya sai mai kula da shi ya ƙoshi.

Reluwe yana da ƙarfi sosai a 1964, shekarar da ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma, a 1974, fasinja sun dawo miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan. Me ya faru a tsakani? Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan gabas, direbobi da makanikai da shugabannin tasha, suka bar Arewa. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, ya lalata gadoji, ya yanke kwal. A Fabrairun 1970 aka yi mummunan haɗarin Langalanga, wanda har yau tsofaffi ba su manta ba. Sa'an nan fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, babban abokin cinikin jirgi a Arewa ya kwanta. Kuɗin man fetur kuma da ya shigo, tituna aka yi ta ginawa da shi, manyan motoci suka cika ƙasa. Mota tana zuwa har bakin gona, tana tashi lokacin da mai kaya ya ga dama. Ɗan kasuwar da ya ba jirgi kaya ya yi mako uku bai gan su ba, ba sai an ce masa ya koma tashar mota ba.

Daga nan abin ya zama zagaye. Kaya sun ragu, kuɗin shiga ya ragu, aka rage leburorin layi, layi ya lalace, aka ce direba ya rage gudu, tafiya ta ƙara tsawo, sauran masu kaya suka gudu. Kan jirgi ya lalace babu kayan gyara, sai a kwance na wani a gyara wani, har loko ta zama maƙabartar ƙarafa. An yi yunƙuri ba sau ɗaya ba. An kawo Indiyawa suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. An ba Samuel Ogbemudia riƙo a 1989. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abaca ta ƙulla yarjejeniyar gyara da wani kamfanin ƙasar Sin. A ƙarshen 2012 aka sake buɗe jigilar fasinja tsakanin Ikko da Kano bayan shekaru ana hutu, tafiyar mil 700 tana cin awa 30 ko fiye. Idan ka duba, kowane yunƙuri sayen sabo ne da bikin buɗewa. Abin da ake kasawa shi ne albashin mai guduma da sifana, shekara da shekaru.

Wasu kan ce laifin ƙanƙantar layin ne. To, akwai gaskiya kaɗan, domin layi mai faɗi ya fi ɗaukar gudu. Amma yawancin layukan ƙasar Japan faɗinsu ɗaya da tsohon namu, ƙafa 3 da inci 6, haka ma na Afirka ta Kudu da ke jan dubban tan na kwal da tama. A 1964 ɗin nan da muka kai dogo Maiduguri, a ita ce Japan ta buɗe layinta na jirgi mai tsananin gudu tsakanin Tokyo da Osaka, wanda idan aka yi lissafin shekara, makararsa ba ta wuce minti ɗaya ko biyu. Sirrinsu kuwa, tsakar dare jirage ke tsayawa, ma'aikata su hau layi su yi ta duba da gyara har asuba, kowace rana ta Allah.

Wannan tarihi ya shafe ku kai tsaye, ku mutanen arewacin Kano. An buɗe sabon layi mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wajen kilomita 284. Ga mai sayen hatsi a Dawanau yana kaiwa Nijar ko kudu, tarago ɗaya zai iya ɗaukar lodin babbar mota, jirgi ɗaya kuma ya ja taragu da yawa da direba ɗaya, ba shingen hanya, ba fashewar taya. Amma ɗan kasuwa ba gudu yake saye ba, alkawari yake saye. Mai tumatir ko albasa gara a ce masa kwana biyu a cika, da a ce masa yini ɗaya a yi huɗu. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da jigila wata takwas, ya ƙara nuna cewa yanzu tsaron layi ya shiga cikin lissafi.

Akwai rabon gwamnati a wannan aiki, akwai namu. Nata shi ne ta ware kuɗin kula da layi kowace shekara, ta horar da yaranmu su iya gyara da kansu, ta biya diyyar gonakin da layi ya ci yadda ya kamata. Namu kuwa, duk wanda ya kwance kusa ɗaya daga layi ya sayar wa 'yan gwangwan, ya sani rayukan ɗaruruwan mutane ya ɗora a sikeli, kuma mai saye da mai sayarwa laifinsu ɗaya. Kada a yi noma har gindin layi, kada a ɗebi tsakuwarsa a yi gini, kada a toshe kwalbati da shara ko kara. Masu amalanke da makiyaya su tsaya su duba dama da hagu a mahaɗa, domin jirgi mai lodi ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Wanda ya ga ruwa ya ci ƙarƙashin layi ya gaggauta gaya wa mai unguwa ko tasha mafi kusa. Manomi ya fi kowa sanin wannan karatu: gonar da ta sha taki ba ta yin albarka in ba a bi ta da noma da maimai ba.

Da fatan Malam na Bacirawa da sauran 'yan'uwa na Ringim da Malam Madori sun gamsu. Dattawan da suka yi aikin reluwe, ko suka yi dakon gyaɗa a zamanin dala, muna roƙon su sa jikoki su rubuto mana abin da suka gani da idonsu, za mu karanta a fili.